Zuwa ofis a kan keke a Abuja: Yadda ake sarrafa giya da feda ba tare da haɗari ba

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ke lashe kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci a Abuja. Ga mazauna Garki da Wuse da Utako, waɗanda ba su da nisa da Sakatariyar Tarayya, keke mafita ce mai sauƙi.

Shawarar ba sabuwa ba ce. Marigayi Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke lokacin da yake Ministan Sufuri, har a 2001 wata motar bas ta ture shi cikin kwata yana kan hanyarsa ta zuwa aiki. Titunan birnin don motoci masu gudu aka shimfiɗa su, saboda haka ƙaramin kuskure yana iya jefa mahayi a gaban mota.

Giya: a sauya kafin a matsu

Keken da ake cewa mai giya 21 yana da faranti uku masu haƙora a gaba da bakwai a baya. Ƙaramin faranti a gaba da babba a baya su ne giya mafi sauƙi, ta hawan tudu. Akasin haka kuma ita ce ta shimfiɗaɗɗiyar hanya da gudu.

Sarƙa ba ta komawa wani faranti sai feda na juyawa. Amma idan aka sauya giya ana tsaka da danna feda da ƙarfi, sarƙar na iya zamewa ko tsinkewa, ƙafa ta tafi a banza, mahayi ya kife. Don haka a sassauta ƙafa a lokacin sauyawa, kuma a koma giya mai sauƙi tun kafin a fara hawa, musamman a tuddan Asokoro da Maitama.

Haka ma kafin a tsaya a danja. Wanda ya tsaya da giya mai nauyi zai tashi yana tangaɗi, ga motoci a bayansa suna matsa masa da oda.

A kuma guji haɗa babban faranti na gaba da babba na baya, ko ƙarami da ƙarami, domin sarƙa na karkacewa ta ci haƙora.

Feda: inda ƙafa ke zama

Tudun gaban tafin ƙafa, wato bayan yatsu, shi ake ɗorawa a kan feda, ba tsakiya ko dunduniya ba. A daidaita sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan idan feda ta kai ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke jawo ciwon gwiwa.

A wurin shan kwana, a daina tuƙi, a ɗaga fedar ɓangaren da ake karkata. Idan ta kasance a ƙasa, tana iya bugun kwalta ta watsar da mutum.

Fedar hagu kuwa ta saba wa sauran kusoshi: juyin da ke kwance su shi ke ɗaure ta. Wanda bai sani ba sai ya lalata zaren, fedar ta fita ana cikin tafiya.

Suturar ofis

Sarƙa tana ɓangaren dama, kuma ba ta jituwa da bakin wando mai faɗi ko doguwar riga. A naɗe ƙafar wandon ko a ɗaure ta, a cusa igiyar takalmi, babbar riga kuma a sa ta a jaka sai an isa. Silifas da takalmi mai sulɓin ƙasa suna zamewa daga feda, balle da damina.

Kafin a fita kowace safiya, a gwada birki biyun, a duba iskar taya, a sa hular kwano. Minti biyu ne kacal, kuma kuɗin da ake son tarawa daga sufuri bai kamata ya ƙare a wurin mai ɗori ba.