Fatalwa a Bakin Bahaushe da Yadda Ake Bin Diddigin Labarinta

Da wuya a samu gari ko unguwa a ƙasar Hausa da ba ta da wani kango, ko kududdufi, ko tsohuwar tsamiya da yara ke gudun wucewa ta wajenta bayan sallar isha'i. In aka tambayi dalili, sai a ce akwai fatalwa. Manufar wannan maƙala ita ce a fayyace abin da Bahaushe ke nufi da wannan kalma, a rarrabe ta da 'yan uwanta, sannan a nuna wa malaman makaranta hanyar bin diddigin irin waɗannan labarai, domin su ne labarin ke fara riska idan ya shigo makaranta.

Kalmomi uku ne ake yawan cakuɗawa: kurwa, da fatalwa, da aljani. Kurwa, a tsohon tunanin Bahaushe, wani ɓangare ne na mutum mai rai, wanda kan fita yawo idan yana barci, kuma ita ce ake cewa maye yana kamawa. Shi ya sa yaro in ya haɗu da wanda ake zargi yakan ce kurwarsa kur. Fatalwa kuwa siffar wanda ya riga ya mutu ce, da ake cewa ta bayyana ga masu rai. Aljani halitta ce dabam, ba mutum ba ne, bai kuma taɓa zama mutum ba. Samuwar aljanu tabbatacciya ce a Musulunci, har akwai sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani. Amma dawowar mamaci duniya yana yawo a kasuwa ba ta da wannan matsayi. Ƙarshen Suratul Muminun ya nuna cewa wanda ya mutu akwai shamaki a bayansa, wato barzahu, har ranar tashi. Saboda haka wanda ya yi shakkar labarin fatalwa bai taɓa imaninsa ba, kuma wannan abu ne da ya kamata ɗalibi ya ji daga bakin malaminsa.

Idan muka duba abin da aka rubuta na da, za mu ga iskoki ne suka cika fagen, matattu ba su da wani babban gurbi. Tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala, da itacen da aka kewaye da katanga, da yankan baƙaƙen dabbobi. Tsumburbura abin bauta ce, ba a ce kakar wani ce da ta mutu ta dawo ba. A. J. N. Tremearne, wanda ya fitar da littafinsa kan bori a 1914 bayan ya zauna da Hausawan Tunis da Tarabulus, jerin iskoki ya kawo da sunayensu da halayensu. Haka Joseph Greenberg, da ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, abin da ya tarar shi ne iskoki farare da baƙaƙe da birninsu Jangare. A ganina wannan ne ya sa ko yau, in Bahaushe ya fara labari da fatalwa, kafin ya kai ƙarshe sai ka ji ta rikiɗe ta zama aljana.

Duk da haka akwai labarin fatalwa guda ɗaya da ya zauna daram. Wani mutum ya rasu, an yi masa sutura a gaban jama'a. Bayan shekaru sai wani ɗan garinsu ya je fatauci wani gari mai nisa, ya tarar da shi a rumfa yana ciniki, har ya yi aure ya haifi 'ya'ya. Da suka haɗa ido, sai ya ce bari ya shiga ciki ya kawo ruwa, shi ke nan ba a sake ganinsa ba. Na ji wannan labari an ɗora shi a Ikko, na ji an ɗora shi a Kumasi, na ji an ɗora shi a Sudan kan hanyar Makka. Yarabawa ma suna da shi, suna kiran irin wannan mamaci akudaaya. Abin lura shi ne kullum garin mai nisa ne, kuma gari ne da Hausawa ke zuwa fatauci ko ci-rani. A zamanin da mutum kan bar gida shekara goma ba wasiƙa, a yi masa zaman makoki bisa jita-jita, a raba gadonsa, matarsa ta yi takaba ta sake aure, ba abin mamaki ba ne a ga "mamaci" da ransa a wata ƙasa, ba kuma abin mamaki ba ne shi ya ƙi yarda a gane shi.

Na biyunsa shi ne labarin kyakkyawar mace da ake ɗauka a hanya da dare, sai a tsakar tafiya a lura ƙafarta kofato ce, ko a waiwaya a ga babu kowa. Dattawa sun ji shi a kan mai jaki, mu mun ji shi a kan direban babbar mota, 'ya'yanmu sun ji shi a kan ɗan acaɓa. Da aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a 2013, matar ba ta yi ritaya ba, sai ta koma hawa adaidaita sahu. Irin wannan labari yana nan a Amurka, inda masanin adabin baka Jan Harold Brunvand ya sa wa littafinsa na 1981 sunan wannan fasinja mai ɓacewa. Ko wayar salula ba ta tsira ba: a watan Yuli na 2004, shekara uku da shigowarta, jita-jita ta game Nijeriya cewa akwai lambobin da in ka amsa kiransu za ka mutu, har sai da kamfanin waya ya fito ya ƙaryata.

To, yaya ake bincike? Turawa sun daɗe suna gwadawa. A 1882 aka kafa wata ƙungiya a Landan domin binciken irin waɗannan al'amura, cikinta har da malaman jami'ar Kambirij. A rahoton da ta fitar a 1894, ta tambayi mutum 17,000 ko sun taɓa gani, ko ji, ko jin taɓawar wani abu da babu shi a wurin alhali suna farke. Kusan ɗaya cikin goma suka ce e. Wannan ya nuna cewa mai cewa ya ga wani abu ba lallai maƙaryaci ko mahaukaci ba ne. Amma akwai maƙaryatan. A 1848 wasu 'yan mata biyu 'yan gidan Fox, a jihar New York, suka ce mamaci na amsa musu tambaya da ƙwanƙwasa, har abin ya zama wata aƙida mai dubban mabiya. Sai a 1888 ɗayarsu, Margaret, ta tsaya gaban taro ta nuna yadda take fitar da ƙarar da gaɓar yatsan ƙafarta.

Mu kuwa ba mu buƙatar aron ma'auni, domin malaman hadisi sun bar mana shi, wato duba isnadi. Wa ya faɗa maka? Shi wa ya faɗa masa? A bi sarƙar har a kai ga wanda ya gani da idonsa. Na sha gwadawa, kuma galibi sarƙar kan tsinke a mutum na biyu ko na uku, a kan "wani abokin yayana". In an dace an samu mai gani, sai a tambaye shi shi kaɗai: da wane lokaci, da wane haske, yana kwance ko yana tsaye, ya taɓa jin labarin wurin kafin ranar? Sannan a je wurin da rana, a kuma koma da dare.

Farkon kama aikina an tura ni wata ƙaramar hukuma, aka sauke ni a wani tsohon bariki da kowa ya ce fatalwar Bature na minshari a cikinsa. Na ji minsharin da kunnena, kuma ba zan ɓoye ba, daren farko a masallaci na ƙarasa shi. Da gari ya waye muka sa tsani ni da mai gadi, muka tarar da mujiya da 'ya'yanta a cikin silin. Takun sawun da ake ji kuwa kwanon rufi ne ke saki idan sanyin dare ya sauka bayan zafin rana.

Wani abin kuma a jikin mutum yake. Dannau, wanda ke danne mai barci ya kasa motsi ko ihu, likitoci sun san shi. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki. In ya farka kafin a sake su, sai ya ji nauyi a ƙirji, wani lokaci har ya ga inuwar mutum a ɗakin. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, ya fi kuma samun mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine.

Inda abin ya fi shafar malamai shi ne makarantun kwana. Mutanen Kano ba su manta da ƙarshen 1995 da farkon 1996 ba, lokacin da ɗalibai mata suka riƙa faɗuwa suna ihu suna rawa, aka danganta abin da wata aljana mai suna Sumbuka, masu nazari kuma suka kawo adadin da ya haura 600. Irin wannan ya faru a wata makarantar 'yan mata a Kashasha ta ƙasar Tanganyika a 1962, inda dariya da kuka suka kama ɗalibai 95 cikin 159 har aka rufe makarantar. Likitoci sun lura cewa irin wannan yana bin ido da kunne ne, daga wadda ta faɗi zuwa ƙawarta da ke kallo. Ban hana kowa addu'a ko ruƙiyya ba. Abin da nake roƙo shi ne a fitar da wadda ta fara faɗuwa daga cikin taro, a watsa 'yan kallo, a kira ma'aikacin lafiya ya duba ko zazzaɓi ne, ko farfaɗiya, ko yunwa, a kuma sanar da iyaye kafin jita-jita ta riga malami isa gida. Shan-inna ma da sunan iska muka san ta shekara da shekaru, alhali ƙwayar cuta ce, rigakafi kuma ya kawar da nau'inta na asali daga Nijeriya, kamar yadda aka tabbatar a 2020.

Abu ɗaya ne ba a yi wa sassauci: idan yarinya cikin ruɗewa ta ambaci sunan wata tsohuwa, ko mai dafa abinci, ko 'yar ajinsu, ta ce ita ta kama mata kurwa. Daga nan labarin ya tashi daga hira ya zama ƙazafi a kan mai rai, kuma an sha dukan bayin Allah, wasu har lahira, a kan irin wannan magana. Kada malami ya bari a maimaita sunan, kada a kawo wadda aka ambata a ce ta tsallaka mara lafiya, ya kuma kai maganar gaban shugaban makaranta da mai unguwa tun a ranar.