Binciken katsewar sadarwa

Binciken katsewar sadarwa aiki ne na gano lokacin da layin waya ko intanet ya ɗauke, da faɗin yankin da abin ya shafa, da kuma musabbabinsa. Injiniyoyi na amfani da manhajoji wajen tattara bayanan, sannan su rubuta rahoton bayan aukuwa domin kada matsalar ta maimaitu. Katsewar kan faru ne saboda lalacewar na'ura, ko yankewar wayar fayiba, ko kuskuren ma'aikaci, ko kuma umarnin hukuma.

Manhajojin bincike

Manhajojin sun kasu gida biyu. Na farko su ne waɗanda kamfani ke girkawa a cikin tsarinsa, kamar Prometheus da Nagios masu sa ido kan na'urori, da Grafana mai zana alƙaluma, da PagerDuty mai aika gargaɗi ga injiniyan da ke bakin aiki.

Na biyu su ne masu hango katsewa daga waje. IODA, wadda Jami'ar Georgia Tech ta Amurka ke kula da ita, tana duba sanarwar hanyoyin intanet da ake kira BGP, tana kuma aika saƙon gwaji zuwa adireshi da dama don ganin waɗanda suka amsa. OONI Probe, da aka fara a shekarar 2012, masu sa kai ne ke saka ta a wayoyinsu don gwada ko an toshe wani shafi. Akwai kuma Cloudflare Radar da NetBlocks.

Rahoton bayan aukuwa

Rahoton kan ƙunshi jerin abubuwan da suka faru bi da bi, da yawan waɗanda abin ya shafa, da asalin matsalar, da matakan gyara. Littafin Site Reliability Engineering na kamfanin Google, wanda ya fito a 2016, ya yaɗa tsarin rubuta rahoto ba tare da ɗora laifi a kan mutum ɗaya ba, domin ma'aikacin da ke tsoron hukunci kan ɓoye gaskiya. Misali shi ne na ranar 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Kamfanin ya bayyana cewa wani umarni da aka bayar yayin gyaran yau da kullum ne ya yanke alaƙar cibiyoyin bayanansa.

Batsari da Safana

A watan Satumba na 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana waɗanda ke maƙwabtaka da dajin Rugu. Hakan ya biyo bayan irin matakin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta ɗauka a Jihar Zamfara a farkon watan. Manufar ita ce hana 'yan bindiga magana da masu kai musu bayanai. Sai dai matakin ya tsayar da hada-hadar kuɗi ta waya da sana'ar masu POS, ya kuma hana mutanen ƙauyuka kiran jami'an tsaro idan an kawo hari. A watan Disamba aka fara maido da layukan a wasu ƙananan hukumomin jihar.

Irin wannan rufewa tana da wuyar aunawa daga waje. Kamfanonin waya kan haɗa masu amfani da yawa a kan adireshin intanet ɗaya, kuma adireshin ba ya nuna ƙauyen da mutum yake. Saboda haka ana iya kashe turakun sadarwa na ƙaramar hukuma guda ba tare da alƙaluman ƙasa sun nuna wani sauyi a zo a gani ba. Ita ma OONI Probe sai da intanet take aika sakamakonta. Shi ya sa masu bincike kan haɗa alƙaluman manhajoji da takardun hukuma, da rahotannin 'yan jarida, da shaidar mazauna yankin kafin su rubuta rahoto.