Ɗaurin aure a coci: Doguwar hanyar da ango da amarya ke bi kafin ranar farar riga

Duk wanda ya taɓa halartar sujadar Lahadi a wani cocin Katolika a Kaduna, Kafanchan ko Jos, ya san lokacin da hayaniyar yara ke lafawa, kunnuwa su miƙe. Lokacin sanarwa ke nan, dab da a tashi. Katikis zai ɗauko takarda ya karanto sunan saurayi da na iyayensa da ƙauyensu, sannan na budurwa, ya ce suna shirin aure, duk wanda ya san wani dalilin da zai hana a ɗaura, ya je ya ga Fada.

A galibin majami'u sau uku ake wannan shela, Lahadi uku a jere. Maƙwabci ko abokin aiki da aka kawo wa katin gayyata bai cika sanin da ita ba. Shi dai abin da yake gani ranar Asabar ne: farar riga, zobe, 'yan Zumuntar Mata cikin ankonsu, sai shinkafa a wurin liyafa. Amma kafin a kai ga wannan rana an yi watanni ana zirga-zirga tsakanin ofishin coci, asibiti, gidan iyaye da ofishin rajistar aure. Akwai kuma wata takarda guda da idan aka tsallake ta, sai bayan shekaru ake gane an yi kuskure.

Ba kowane coci ake shiga a ce a ɗaura ba

A tsarin Katolika, kowane mabiyi yana ƙarƙashin wata ƙaramar gunduma da ake kira farish, wadda Fada guda ke shugabanta, shi kuma yana ƙarƙashin Bishop. Dokar cocin, wadda aka sabunta a 1983, ta ce a ɗaura aure a gundumar da ɗaya daga cikin masu auren yake zaune, ko ya yi aƙalla wata guda a cikinta. A al'ada cocin amarya ake zuwa. Wanda ya fi son babban cocin birni saboda hoto ya yi kyau, sai ya nemi izini tukuna.

Dalilin kuwa shi ne a ɗaura wa mutum aure inda aka san shi. Tun a 1215 wani babban taron coci a Rum ya wajabta shelar aure, sannan a 1563 taron Trent ya ce auren da ba a yi a gaban limamin gunduma da shaidu ba, bai ɗauru ba. Abin da ya dame su a wancan zamani bai bambanta da na yau ba: namiji ya yi wa mace alkawari a ɓoye, ya koma wani gari ya auri wata, ta farkon ta rasa shaidar da za ta kafa.

Shi ya sa abu na farko da Fada ke nema shi ne takardar baftisma, kuma sabuwa, ba wadda uwa ta adana a ƙasan akwati tun ana jariri ba. Sai an koma cocin da aka yi wa mutum baftisma, ko da a wani ƙauye ne a Kudancin Kaduna ko Binuwai, an buɗe littafin rajista an sake rubuto ta. A gefen sunan kowa akwai fili da ake cikewa idan ya yi aure a coci. In an tarar da rubutu a wurin, kuma matar tana raye, magana ta ƙare.

Tambayoyin da ake yi wa kowa shi kaɗai

Yawancin majami'u na son a sanar da su wata uku zuwa shida kafin ranar. A cikin wannan lokaci ne ake darasin aure, inda Fada, katikis, ma'aikatan lafiya da wasu dattawan ma'aurata ke koyar da zaman iyali, kuɗin cefane, hulɗa da surukai da tarbiyyar yara. Samari kan yi gunaguni a kan wannan aji, musamman masu aiki a wani gari, amma ba a cika ɗaga ƙafa ba.

Sannan akwai ganawar da Fada ke yi da saurayi daban, budurwa daban. Yana tambayar ko wani ya matsa mata, ko akwai alkawari da wani a baya, ko sun yarda su haifi 'ya'ya, ko sun fahimci cewa wannan aure babu saki a cikinsa. Tambayar farko ta fi kowace nauyi, domin a dokar coci auren dole ba aure ba ne, ko da an yi biki na kece raini.

Ana duba dangantaka ma. Auren zumunci da Bahaushe ya saba da shi, na ɗan wa da 'yar ƙane, haramtacce ne a Katolika sai da izinin Bishop na musamman. Game da shekaru, dokar cocin ta duniya ta sa 16 ga namiji, 14 ga mace a matsayin mafi ƙaranci, ta kuma bar wa bishop-bishop na kowace ƙasa damar ɗagawa. A Najeriya Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa 18.

Inda hawaye ya fi zuba shi ne sakamakon asibiti. Majami'u da dama, na Katolika da na sauran ɗariku, suna neman gwajin HIV da na sikila. Idan duka biyun suna da rukunin jini na AS, kowane ciki da matar za ta ɗauka yana da yiwuwar kashi 25 cikin ɗari ya zo da yaro mai sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya a yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo, don haka ba a wasa da maganar. Matsalar ita ce da yawa ba sa yin gwajin sai an riga an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, dangi sun ɗinka anko. A nan ne za ka ga soyayyar shekara biyar ta tsaya cak a kan 'yar takarda. Wannan ba damuwar Kirista kaɗai ba ce: a 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure.

Idan ɗayan ba ɗan cocin ba ne

A garuruwa irin su Kaduna da Zariya, inda ake makaranta tare, kasuwa tare, ba abin mamaki ba ne ɗan Katolika ya ga 'yar ECWA ko 'yar Angilika ya ce ita yake so. Coci na yarda, amma da izinin Bishop. Idan ɗayan ba a taɓa yi masa baftisma ba, kamar Musulmi, iznin da ake nema ya fi wannan nauyi, kuma in babu shi auren bai ɗauru ba. A duka biyun, ɗan Katolikan ne ke alkawarin riƙe addininsa da yin iya ƙoƙarinsa 'ya'yan su tashi a coci, ɗayan kuma a sanar da shi wannan alkawari tun kafin aure. Ba a tilasta masa sauya addini.

Ta ɓangaren Musulunci kuma, malaman fiƙihu sun halatta wa namiji auren mace Kirista, ba su halatta wa Musulma auren wanda ba Musulmi ba. Irin wannan aure dai, a gaskiya, takardar Bishop ce mafi sauƙi a cikinsa. Shawo kan iyaye shi ne aikin.

Igiya uku, kowace da mai riƙe da ita

Kirista a Arewa yakan ɗaura aure sau uku ne, ko da bai lissafa haka ba. Na farko na gargajiya, inda dangin ango ke zuwa gidan iyayen amarya da sadaki da sauran abin da al'adar ƙabilarta ta tanada, Bajju ce, Atyap, Berom ko Bahaushiya 'yar Wusasa. Da wuya Fada ya sa rana bai tabbatar iyaye sun sallama ba. Na biyu na gwamnati. Na uku na coci.

Na biyun ne ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Dokar Aure ta Najeriya, wadda asalinta ke komawa 1914, ta ce mai son aure a ƙarƙashinta ya kai sanarwa ofishin rajista, a liƙa ta a allo. Bayan kwana 21, idan babu wanda ya kawo ƙorafi, magatakarda ya ba da takardar izini, kuma dole a ɗaura auren cikin wata uku daga ranar da aka kai sanarwar. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da amincewar iyaye a rubuce. Da wannan takarda za a iya ɗaurawa a ofishin, ko a kai ta coci. Amma cocin sai ya kasance mai lasisin ɗaura aure daga gwamnati, a yi shi ƙofa buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, a gaban shaidu aƙalla biyu ban da limamin.

Idan babu takardar magatakarda, ko cocin ba shi da lasisi, abin da aka yi zai iya zama sa albarka kawai a idon kotu, komai yawan jama'ar da suka halarta. A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Anyaegbunam, inda matar ta nemi kotu ta raba zamansu bisa hujjar cewa an ɗaura musu aure a wani cocin Katolika. Kotun ta ce ba a tabbatar an yi aure a ƙarƙashin dokar ba, albarka ce coci ya sa. Akwai shari'o'in da alƙalai suka sassauta saboda ma'auratan sun shiga da zuciya ɗaya ba su san an tsallake wani mataki ba, amma wa ke son makomarsa ta rataya a kan sassaucin alƙali?

Bambancin ba ƙarami ba ne. Auren doka na mace ɗaya ne, kuma wanda ya yi shi sannan ya je ya ƙara wata ta hanyar gargajiya, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara biyar, ko da yake ba kasafai ake gurfanar da kowa ba. Babbar Kotu ce kaɗai ke iya raba shi, a ƙarƙashin dokar 1970, kuma ba a shigar da ƙarar saki kafin shekara biyu sai da izinin kotu, in ban da wasu 'yan dalilai. Ranar da miji ya rasu ba wasiyya, 'yan'uwansa suka zo da maganar al'ada a kan gida da gona, ko wata mata ta bayyana da yara, takardar da gwauruwar za ta fito da ita ce ke nuna irin ƙarfin da take da shi. Haka nan wajen neman biza ko karɓar haƙƙin mamaci a wurin aiki.

A ganina, tambayar da ta fi dacewa amarya ta yi a ofishin coci, kafin ta tambayi kalar furanni, ita ce: takardar da za mu sa wa hannu ranar Asabar, ta gwamnati ce ko ta coci kaɗai? Fada ba zai ji haushi ba. Da yawansu ma su ne ke tura ma'aurata rajista da kansu, su ce kada a dawo sai da takardar.

Ranar kanta

Ga wanda ya saba da ɗaurin auren Musulmi, inda waliyyi da wakili ke magana amarya tana can cikin gida, abin da zai fara lura da shi a coci shi ne amarya da bakinta take amsawa. A koyarwar Katolika, ango da amarya su ne ke ɗaura wa juna aure da amincewar da suka furta. Fada shaida ne a madadin coci, tare da wasu shaidu biyu. A nan Najeriya akan samu wasu dattawan ma'aurata su tsaya musu a matsayin iyayen aure, waɗanda za a kai wa ƙara idan zama ya yi tsami.

Ainihin ɗaurin bai wuce 'yan mintoci ba: tambayoyi, alkawari, zobe, addu'ar albarka. Sauran lokacin na karatu ne, wa'azi, waƙoƙi da rawar baiko. Ba a ɗaura aure ranar Juma'ar tunawa da gicciye Yesu da Asabar ɗin da ke bin ta, kuma a kwanaki 40 na azumin Kirista akan buƙaci a rage shagali, shi ya sa bayan Ista da ƙarshen shekara ranakun Asabar ke cika maƙil.

Kuɗin da coci ke karɓa ba shi ne ke karya mutane ba. Riga, zaure, abinci da mai hoto su ne. Saboda tsoron wannan ɗawainiya, ma'aurata da yawa kan tsaya a auren gargajiya, su haifi 'ya'ya uku ko huɗu suna cewa sai an samu hali, alhali a duk tsawon lokacin ba su da damar karɓar jibi. Wannan ne ya sa majami'u kan shirya auren gayya, a ɗaura wa ma'aurata da dama rana ɗaya, wani lokaci 'ya'yansu ne ma ke riƙe wa uwar gefen riga.

Idan kuma zaman ya ƙi, kotun gwamnati na iya raba su, amma a wurin coci suna nan a matsayin mata da miji. Hanyar da aka fi bi ita ce kotun coci ta bincika ta gano cewa tun farko auren bai ɗauru ba, misali saboda tilas ko yaudara. A 2015 Fafaroma Francis ya sauƙaƙa wannan bincike, ya soke sharaɗin sai kotu ta biyu ta tabbatar da hukuncin ta farko.

Bayan an watse daga liyafa, saura aiki guda da ba a gayyatar kowa. Fada zai rubuta auren a littafin cocinsa, sannan ya aika sanarwa zuwa cocin da aka yi wa kowannensu baftisma. Can a ƙauye, katikis zai buɗo tsohon littafi, ya nemo shafin da aka rubuta sunan wani jariri shekara 28 ko 30 da suka wuce, ya cike filin da ke gefensa da sunan matar, da coci, da kwanan wata.