Rekhmire, Wazirin da Ya Bar Aikinsa a Bangon Kabari

A yammacin Kogin Nilu, daura da birnin Luxor na ƙasar Masar, akwai tsaunin Sheikh Abd el-Qurna, cike da kaburburan manyan fada. Wanda masu binciken tarihi suka yi wa lamba TT100 na Rekhmire ne, wazirin Fir'auna Thutmose na 3, wanda ya riƙe muƙamin har farkon mulkin Amenhotep na 2, fiye da shekara 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gadon gida ya yi: kakansa waziri ne, baffansa Useramun ma haka.

Darajar kabarin tana jikin bangonsa. A nan aka rubuta gargaɗin da Fir'auna ke yi wa sabon waziri ranar naɗi, cewa aikin ɗaci gare shi, kuma a wajen shari'a na gida da baƙo duk ɗaya ne. Har an kawo misalin wani tsohon waziri mai suna Kheti, wanda don gudun a ce yana son kai ya riƙa danne danginsa. Rubutun bai yaba masa ba, ya ɗauki hakan a matsayin wuce gona da iri. A ganina, ko alƙalan yau za su ƙaru da wannan.

Sai zane-zane. Ga mutanen Nubiya janye da raƙumin dawa, biri na hawan wuyansa. Ga na Siriya da dawakai da ƙaramar giwa, na ƙasar Punt da turare, na tsibirin Kirit ɗauke da kwanoni na alfarma. Can ciki kuwa maƙera ne ke taka zugazugi da ƙafa, suna narka tagullar ƙofofin haikalin Amun, masu buga tubali na ɗebo ruwa a tafki, dukawa na ɗinka takalma. Duk waɗannan a ƙarƙashin idon waziri suke, tare da haraji da rumbunan hatsi.

Ƙarshensa dai da alama bai yi daɗi ba. An bi hotunansa da dama an kankare da gangan, kuma ba a sami ɗakin binne gawa a kabarin ba, abin da ya sa wasu masana ke ganin ya rasa tagomashi a fada.

Wanda Allah ya kai shi Luxor, kada ya tsaya a Kwarin Sarakuna kawai, ya nemi a kai shi kabarin Rekhmire.