Yamai: Ɗalibai sun mayar da WhatsApp ajin dare

A Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, tsallaken gadar Kennedy, darasi ba ya ƙarewa da fitar malami. Wanda ya samu kujerar gaba yakan ɗauki hoton allo ya tura zauren WhatsApp na ajinsu. Da dare wani ya warware da saƙon murya, cikin Hausa ko Zabarmanci, abin da aka koyar da Faransanci.

Al'adar ta ƙara ƙarfi tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, har masu shirin BEPC da Bakaloriya suka shiga musayar tsoffin tambayoyi.

Mai yi wa 'yan uwansa bayani shi ya fi cin moriya, don dole ya fara fahimta. Mai tara hotuna bai buɗe ba, sai ranar jarrabawa ido ya raina fata. Amsar kuskure ma takan zagaya zaure ba mai gyarawa.

Ga kuma matsalar sadarwa. Da aka katse intanet ɗin waya kusan kwana 10 bayan zaɓen Fabrairun 2021, zaurukan sun yi tsit. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, cajin waya ya zama aiki, bitar dare ta koma jiran dawowar wuta.