Leƙen Cikin Rana Daga Ƙarƙashin Ƙasa

Ɗalibai, zafin ranar da ke dukan ƙeyarku da azahar ba na yau ba ne. Yakan shafe dubban shekaru kafin ya fito daga tsakiyar rana zuwa samanta. To, yaya masana suka san abin da ke faruwa can ciki a yanzu?

A tsakiyar rana, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, ƙwayoyin haidurojin suna haɗewa su zama hiliyom. Wannan haɗewa tana fitar da wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna niyutirino, waɗanda ke isowa duniya cikin kimanin minti 8. Biliyoyinsu na ratsa farcenka kowane daƙiƙa ba ka ji ba, don kusan komai suna wuce shi. Shi ya sa kama su ke da wuya.

A ƙarshen shekarun 1960, Raymond Davis ya cika tanki da kimanin tan 600 na sinadarin wankin kaya a mahaƙar zinare ta Homestake a Amurka. Zurfin wurin ya kusa mita 1,500, don duwatsu su tare sauran ƙwayoyin sararin samaniya. Sai dai kashi ɗaya cikin uku kawai ya samu na adadin da John Bahcall ya lissafa. Shekara talatin ana muhawara: tankin ne da matsala, ko ba a fahimci rana ba?

Amsa ta zo a 2001 daga cibiyar Sudbury ta Kanada. Niyutirino iri uku ne, suna rikiɗa a hanya, tankin Davis kuma iri ɗaya yake ganewa. Lissafin Bahcall daidai ne, awon Davis ma haka. A 2002 Davis ya samu kyautar Nobel.