Raguwar Ladabi a Dakoro: Daga Gandu zuwa Bakin Rijiya

A ƙasar Dakoro, arewacin jihar Maraɗi a Nijar, inda gonakin Hausawa ke haɗuwa da makiyayar Fulani da Buzaye, ladabi ya daɗe yana tafiya tare da buƙatar juna. Saurayi kan tuɓe takalmi ya tsuguna ya gai da mahaifinsa, domin a gandun uban yake ci, kuma daga rumbunsa za a yi masa aure. Baƙon makiyayi kuwa, idan ya iso rijiya, sai ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali da ta bisashe, kafin ya nemi izinin jefa guga.

Farin 1973 da na 1984 sun girgiza wannan tsari. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka tsattsage wajen rabon gado, noma ya kutsa kwarin Tarka har ya ƙetare iyakar da dokar 1961 ta shata masa. Da can manomi ne ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, manomin ya samu taki, ya kuma ba Bafulatanin gero, mata su yi musayar nono da hatsi. Yanzu manomin yana da nasa dabbobin, yana kwashe kara da harawa ya adana ko ya sayar, a rijiyoyi da yawa kuma sai da kuɗi ake shayarwa. Inda ciniki ya maye gurbin alfarma, gaisuwa takan gajarta, ɓarna kaɗan ta zama zagi da ɗaga sanda.

A cikin gida ma hakan take. Matashin da ya je biɗa Najeriya ko Libiya, ya dawo shi ke ciyar da gidan, da wuya ya ɗauki tsawa kamar dā. Hirar dare ta koma fada, wurin shayi da waya, inda babu babban da zai ce a bari.

Ba duka ne asara ba: ƙarami ya samu bakin faɗin abin da kunya ke sa a haɗiye. Sai dai rigimar da dattijo ke kashewa da kalma ɗaya, yau takan kai gaban sarki, ko hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, ko jandarma. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta amince da shi a 2014 a matsayin gadon Nijar, yana nan yana sanyaya zukata a kasuwa, amma ba ya raba gardamar burtalin da aka nome.